Shekarar da Na Leƙa Rumbun Saje

Ruwan farko na bana ya sauka mana da la'asar, da iska mai ƙarfi a gabansa, har sai da ta kayar da zanan bayan gida. Ƙasa ta yi ƙamshi, jikokina suka fito tsakar gida suna tsalle babu riga, kaji suka fake a ƙarƙashin gadon ƙarfen da ke zaure. Ina zaune a bakin ƙofar ɗakina, sai na ji na juya zan tambaye shi ko ƙafar ta faɗa masa tun jiya. Tabarmarsa tana nan a jingine inda muka naɗe ta. Wannan ce damina ta farko da ruwa ya sauka a gidan nan babu maigidana, Saje.

Tun daga wannan ruwan kuma sama ta yi shiru. Rana ta dawo da zafinta, ƙasar da ta jiƙe ta sake yin fari. Shi ya dawo mini da wata shekara, tun yarana suna ƙanana, wadda ita ma haka ta fara.

Sunansa na yanka ban taɓa kira ba, kuma ba yau zan fara ba. Duk garinmu Ƙarfi, Saje ake ce masa, har limamin da ya yi masa salla sai da aka tuna masa sunan gaskiya. Ya shiga soja yana saurayi, a lokacin yaƙin basasa, ya fito da rauni a cinyarsa ta hagu wanda ya bar shi da ɗan ɗingishi har ƙarshen rayuwarsa. Bayan yaƙi ya ci gaba da aiki shekaru masu yawa, yawanci a barikokin kudu. Ya zo hutu aka ɗaura mana aure, ni 'yar manoma daga wajen Bakori, ya tafi da ni can. A bariki na haifi ɗana na fari, wanda muke ce wa Baffa, da Hadiza. Nura kuwa a nan gida aka haife shi, bayan an sallami Saje mun dawo.

Maganar yaƙi ba ya yin ta. Abin da ya dawo da shi daga soja shi ne tsari. Bargonsa sai ya linke shi ya yi kusurwa huɗu. Takalmin roba ma sai ya wanke shi ya jera. Yara in za su yi wanka, sai sun tsaya a layi, shi yana riƙe da buta yana ba da umarni da murya mai kauri, su kuma suna ƙyalƙyala dariya, don sun san ko ƙuda ba ya iya dukan wanda ya sauka a kansu. Sai kuma ƙafar nan. In hadari zai haɗu, tun ba a ga komai a sama ba, sai cinyar ta fara yi masa tsami. Ya kan shafa wurin ya ce, "Rabi, kwashe shanyarki."

Daminarmu ta farko a gida ba ta yi kyau ba, kuma ba mu kaɗai ba, duk yankin ne. Abin da muka samu muka zuba a rumbu, rumbun ƙasa mai jinka a kai, wanda mahaifinsu ya bari. Wansa, Yaya Ɗayyabu, wanda katanga gajera ce kawai tsakanin sashensa da namu, shi ya zaɓar mana zangarnun dawa masu kyau, ya ce wannan iri ne, ba na ci ba. Na ɗaure su na rataye a madafi, inda hayaƙi zai hana ƙwari taɓa su. Duk rani suna nan a saman kaina ina girki.

Da bazara ta yi, gab da azumi, wata safiya Saje ya tashi yana shafa cinya. Kafin azahar ruwa ya sauka, mai kyau a ido, har ya kwanta a tsakar gida. Washegari tun da sassafe ya sauko da irin nan duka, ya sa na sussuke, ya ɗauki sungumi da wata doguwar igiya da turaku biyu.

Yaya Ɗayyabu ya leƙo ta kan katanga. Shi bai taɓa kiran ƙanensa Saje ba, Soja yake ce masa.

"Soja, ina zuwa da igiya? Akuya ta tsinke?"

"Shuka za ni, Yaya. A layi za a yi ta."

"To, dawar ma fareti za ta yi ke nan. Ka tona ƙasar ka gani kuwa?"

"Me zan tona? Ga ruwa nan ka gani da idonka. Kuma akwai wani a bayansa, ƙafata ba ta daina ba."

"Ƙafarka ruwan kudu ta sani," in ji Yaya. "Can in ya fara ya fara ke nan. Namu na nan leƙowa yake yi ya koma. Ka sa hannu a ƙasa, in laima ba ta kai maka wuyan hannu ba, ka koma ka zauna. In kuma ka matsu, ka shuka rabi ka bar rabi. Ba a fita da iri duka."

Saje ya yi murmushi ya ce aikin da za a yi sau ɗaya ba ya son a yi shi sau biyu. Ba taurin kai ba ne irin na raini. Mutum ne da ya yi shekaru ana koya masa cewa in lokaci ya yi a tashi gaba ɗaya, ba a barin rabin runduna a baya. Ni ma na san maganar Yaya gaskiya ce, don haka babana yake yi, amma na daɗe a bariki, kuma ƙafar nan ba ta taɓa yi mana ƙarya ba. Na bi shi gona ina zuba iri a ramin da ya sara ina rufewa da diddige, Nura a bayana.

Shukar ta fito kuwa. Ban taɓa ganin gona mai kyaun tata ba, layi-layi kamar an ja da alƙalami. Masu wucewa zuwa kasuwar Bakori har tsayawa suke yi da kekunansu su kalla.

Sai ruwa ya ɗauke. Azumi ya kama a cikin zafin da ban san irinsa ba. Da hantsi ƙasa ta riga ta ɗau wuta, ba a iya taka ta babu takalmi. Ruwan randa kansa ɗumi yake yi. Rijiyarmu ta ja baya, sai an ƙara igiya, abin da guga zai fito da shi kuma rabinsa laka, sai an bar shi ya kwanta. Kullum da la'asar hadari zai haɗu ta gabas, baƙi ƙirin, iska ta taso, mu kwashe kaya, sai ya watse kamar ba a yi ba. Shukar ta fara naɗe ganye da rana tana buɗewa da yamma. Daga baya ta daina buɗewa. Ranar da Saje ya dawo daga gona ya ajiye fartanya, ya miƙo mini wani tsiro a tafin hannunsa. Na murza shi ya zama gari.

Yaya Ɗayyabu bai ce masa ai na faɗa maka ba. Shi ma rabin da ya shuka ya ƙone, sai dai yana da sauran rabinsa, kuma iyalinsa sun ninka namu, babu abin da zai iya ragewa. A kasuwa hatsi ya yi wuyar gani. Fanshon Saje a lokacin bai fara zuwa ba. Abin da ya rage mana a duniya shi ne abin da ke cikin rumbu. A ciki za mu ci har sabon amfani ya fito, kuma in za a sake shuka, a ciki za a cire iri.

Nawa ne a cikin rumbun, ban sani ba, kuma ba hurumina ba ne in sani. A gidanmu da duk gidajen da na sani, mace ba ta leƙa rumbu. Maigida ne ke hawa tsani, ya ɗaga jinka, ya shiga ya fito da dami ya ba matarsa. Tsofaffin mata suna cewa idon mace yana kore albarkar hatsi. Maza kuma suna cewa don kada hankalinta ya tashi ne. Uwata ta rayu ta rasu ba ta san yadda cikin rumbun babana yake ba. Ni dai abin da na lura shi ne, in Saje ya shiga, kansa ya daina fitowa ta sama, kuma in ya yi tari a ciki sai muryar ta yi amo kamar a cikin rijiya.

Wata safiya a tsakiyar azumin, ina surfe, ya sauko daga tsani hannu babu komai. Ya tsaya yana kaɗe ƙura daga rigarsa.

"Rabi, ajiye taɓaryar nan ki zo."

Na zo.

"Hau."

"In hau ina?"

"Tsani. Ki leƙa ki ga abin da ya rage."

Na ɗauka zafin azumi ne ya taɓa shi. Na ce, "Malam, rufa mini asiri. Mutane suna gani."

Kuma suna gani ɗin, don Yaya Ɗayyabu yana ta can yana gyaran ƙotar gatari, ya ji komai. Ya miƙe ya dafa katanga.

"Soja! Iri ka ƙona, yanzu kuma albarkar da ta rage za ka kora? A gidan nan, tun kakanninmu, wace mace ka ga ta hau rumbu?"

"Babu, Yaya."

"To?"

Saje ya juya wajen katanga. Sannan ya faɗi abin da ban taɓa jin ya faɗa ba, kuma bai sake faɗa ba. Ya ce akwai lokacin da aka yanke musu hanya a daji, babu mai shiga babu mai fita. Babbansu ya ɓoye musu yawan abincin da ya rage don kada zuciyarsu ta karye, kullum yana cewa akwai, mota tana hanya. Mai dafa musu abinci ya yi ta dafawa kamar kullum, don bai sani ba. Ranar da aka buɗe buhun ƙarshe, ranar kowa ya sani.

"Da ya nuna mana tun farko, da mun ja abincin ya kai mu," in ji shi. "Akwai waɗanda muka binne a wurin, Yaya, kuma ba harsashi ya taɓa su ba. Ni ba na dafa tuwo. Ban san inda dami ɗaya yake kaiwa a tukunya ba. Ita ta sani. Ta yaya zan ɓoye wa mai dafawa?"

Yaya ya ce, "Allah ya kyauta," ya juya mana baya, amma bai bar wurin ba.

Na miƙa wa Hadiza Nura, na ɗaure zanena tamau, na kama tsanin. Itace ne guda mai rassa, yana motsi, Saje ya riƙe shi da hannu biyu. Na fara hawa. Da na kai sama na sa kaina a bakin rumbun, wani zafi ya bugi fuskata, da warin ƙura da toka. Da farko duhu kawai na gani. Da idona ya saba, abin da na fara gani shi ne ƙasan rumbun, a share, fili guda. Dammunan suna jingine a gefe ɗaya, ana iya rungume su da ido a kallo guda.

Ban yi kuka ba. Abin mamaki ma, sai na ji zuciyata ta tsaya wuri ɗaya. Kwanaki ina jin tsoron abin da ban gani ba, yanzu ga shi na gani. Na daɗe a saman nan ina kallonsu ina mayar da su tukwane a raina, wannan na tuwo, wannan na kunu.

Da na sauko ya ce, "In na cire irin da zai ishi gonar duka, sauran zai kai mu har masarar bayan gida ta nuna?"

"Ba zai kai ba."

"To, yaya za a yi?"

Na ce a bar tudun gonar bana, a shuka gangaren da ke riƙe laima kawai. Na ce daga yau tuwo sau ɗaya, da shan ruwa, sahur kuwa kunu. Dusa ba za a sake ba akuya ba, za ta koma cikin gari. Ganye kuma duk wanda ake ci zan nemo.

"Sai abu ɗaya," na ce. "Ka daina juye wa yara rabonka kana cewa ka ƙoshi. Ina ganinka. In ka faɗi, wa zai riƙe fartanya?"

Ya kalle ni, ya haɗa ƙafafunsa, mai lafiyar da mai ɗingishin, ya ƙame.

"An ji, Kwatamasta."

Na tambaye shi mene ne kuma haka. Ya ce a bariki shi ne mai riƙe da ɗakin abinci da kaya, wanda ko manya sai sun bi ta hannunsa. Daga ranar sunan ya bi ni.

A ranar muka fitar da dammunan muka zaɓi zangarnun da ƙwari ba su ci ba. Na sussuke na zuba a ruwa, wanda ya taso sama na kwashe don tukunya, wanda ya nutse na shanya ya bushe, na zuba a wata tukunyar ƙasa da toka, na rufe bakinta da faifai na liƙe da laka. Na ajiye ta a ɗakina, a bayan gado.

Kwanakin da suka biyo baya su ne masu wuyar. Da safe, kafin rana ta yi ƙarfi, mu da matan unguwa mukan fita neman ganye. Tafasa ba ta fito ba tunda babu ruwa, sai zogale da yaɗiya da sabon tohon itatuwa, kuma kowa su yake nema, sai an yi nisa. In na dawo in dafa, in matse, in kwaɗa da ɗan ƙuli in an samu, in ba a samu ba da gishiri da barkono. Tuwon da aka haɗa da dusa baƙi ne, yana kartar maƙogwaro. Baffa yana ci ba ya magana. Hadiza kuwa sai ta kawar da kai. Sai Saje ya zauna a gabanta ya ce soja ba ya zaɓen abinci, ya ɗebo loma ya yi mata jiniyar mota har bakinta. Wani lokaci ta karɓa, wani lokaci ta ƙi.

Yarinyar ta rame, wuyanta ya yi tsawo. Nonona ya ragu, Nura ya koma kuka marar ƙarfi. Kuma duk wannan ana yi, ga tukunyar dawa mai kyau a bayan gado, ga sama babu alamar komai.

Wata la'asar Hadiza ta zauna a gindin turmi tana kuka a hankali, tana cewa ita tuwo fari take so. Saje yana zaure yana ji. Mutumin da ya iya yunwa fiye da duk wanda na sani, kukan yaro ne bai iya ba. Ya shigo ɗaki ya same ni.

"Rabi, fasa tukunyar nan. Daka musu."

"A'a."

"Ruwan nan ba zai zo ba. Ƙafata shiru take. Mu bar yara da yunwa muna gadin abin da ba za a shuka ba?"

"In na daka, za su ci na 'yan kwanaki su ƙoshi. Ranar da ruwa ya sauka kuma me za ka zuba a rami?"

"Ni ne maigidan nan."

"Kai ne. Kai kuma ka sa ni na hau tsani a gaban Yaya. Da ka bar ni ban gani ba, da yanzu na daka."

Ban ɗaga murya ba, ban iya ba ma. Ya tsaya yana kallon tukunyar, ni ina zaune a bakin gado tsakaninsa da ita. Ban san abin da zan yi ba in ya matsa. Sai ya juya ya fita. Washegari bayan sallar asuba ya ɗauki sandarsa ya nufi Funtua, da azumi a bakinsa da ƙafar nan. Ya yi dako a kasuwar hatsi, shi da ya yi wa mutane umarni a fareti, yana ɗaukar buhu a ka yana sharar abin da ya zube. Ya dawo bayan 'yan kwanaki da garin rogo da ɗan tsabar da ya tara a ƙulle a rigarsa, cinyar ta kumbura har wando ba ya shiga. Na tankaɗe tsabar nan na wanke ta, na yi wa Hadiza tuwo fari. Ya zauna yana kallonta tana ci, ni ina gasa masa ƙafa da ruwan zafi. Maganar tukunya ba mu sake yin ta ba.

A cikin goman ƙarshe na azumi, wata safiya na gan shi yana shafa cinya. Na kalle shi, ya kawar da kai, bai ce in kwashe shanya ba. Da hantsi gari ya yi duhu, iska ta tsaya cak, sannan ruwa ya sauko. Ba irin na farko mai hayaniya ba ne. A hankali ya yi ta zuba, yini guda, ya kwana yana yi. Ɗakinmu ya yi yoyo, muka tara kwanuka, babu wanda ya yi ƙorafi.

Da gari ya waye Saje ya tafi gona babu sungumi. Ya durƙusa ya tona da hannu har laima ta wuce masa wuyan hannu. Bai yarda da kansa ba, sai da ya dawo ya yi sallama a sashen wansa ya ce, "Yaya, zo ka duba mini."

Yaya Ɗayyabu ya je ya sa nasa hannun ya ce, "Wannan shi ne." Ya gama tasa shukar a ranar. Kashegari sai ga shi da sungumi, da 'ya'yansa manya, da maƙwabta. A ƙa'ida in ka kira gayya, kai za ka ciyar da mutane, mu kuwa ba mu da abin ba su. Na fito ina ba da haƙuri, Yaya ya ɗaga mini hannu.

"Gayyar azumi ce, ba tuwo ba fura. Ke dai fito da tukunyar da kika hana mijinki."

Ashe katangar nan babu abin da take tarewa.

Saje ya ɗauko igiyarsa. Yaya ya yi tsaki ya ce wannan igiya dai ba za ta bar mu ba, amma shi ya riƙe ɗaya bakin. Kafin azahar an gama gangaren. Da na juye tukunyar a ramin ƙarshe, ko ƙwaya ba ta rage ba.

Ba a ranar yunwa ta ƙare ba. Sallar shekarar babu sabon kaya, babu shinkafa. Amma tafasa ta fito, rama ta fito, akuya ta samu ciyawa ta kawo nono. Saje ya yi ƙwadago a gonakin mutane ana biyansa da hatsi. Inda shukarmu ta yi giɓi, Yaya ya kawo dashe daga tasa gonar ya cike. Ranar da na share ƙasan rumbu na dafa na ƙarshe, masarar bayan gida ta riga ta yi gemu, muka fara gasa ta tun ba ta gama ƙosawa ba. Da ƙyar ya kai mu, amma ya kai.

Da kaka dawar gangaren ta yi daidai gwargwado. Da aka gama zuba dammuna, kafin ya ɗora jinka, ya riƙe tsani ya ce, "Kwatamasta, hau." Haka ya yi kowace shekara, da ta yalwa da ta ƙunci, sau biyu, in an zuba da kuma in damina ta kusa. Yaya Ɗayyabu har ya rasu bai bar matarsa ta hau nasa ba. Ita ce dai ta taɓa jan hannuna a bakin rijiya ta ce, "Rabi, don Allah, wai yaya cikinsa yake?"

Sauran rayuwarsa ta tafi a kan wannan tsarin. Da rani yana gadi a wani kamfanin gurzar auduga a Funtua, da damina yana gona. Ya sa yaransa duka a makaranta, mata da maza. Ni ma shi ya kai ni ajin yaƙi da jahilci, ya ce bai taɓa ganin kwatamastan da bai iya karatu ba. Bai sake fita da iri duka ba, kuma duk saurayin da ya gani da sungumi bayan ruwan farko sai ya tsayar da shi ya ba shi labarin gonar da ta yi fareti ta ƙone, yana yi wa kansa dariya. Ya rasu bayan girbin bara, a ɗakinsa, da rana, bayan gajeriyar jinya, bargonsa a linke a gefen gado.

Yanzu rumbun ƙasar ya tsage, kaji ne ke kwana a gindinsa. Masara ake nomawa fiye da dawa, a buhu ake zuba ta, a ɗaki mai siminti da kwaɗo. Iri ma a leda Baffa yake sayo shi daga Funtua, tare da taki. Shi ke riƙe da gonar da gidan, da matarsa Zulai da yaransu.

Washegarin ruwan farkon nan na bana, na ga Baffa ya tafi gona a kan babur ya dawo da laka a yatsunsa kawai. Ya ce a dakata. Jiya kuma, da sama ta ci gaba da yin shiru, na ji ƙarar kwaɗon ɗakin ajiya, sai ga shi a ƙofata.

"Inna, zo ki duba abin da ya rage."

Na ce masa gwiwoyina sun gaji, kuma ba ni ke dafawa yanzu ba. "Kira mai dafawa."

Sai ya kira Zulai. Ta shiga tana goge hannu da gefen zane, ta daɗe a ciki. Ina jin ta tana bubbuga buhuna. Da ta fito ta ce zai kai mu sabuwa in Allah ya so, amma a daina ɗiba ana ba kaji, kuma wanda ke saye ya zo ko da me ya zo kada a sayar masa da ko buhu ɗaya.

Baffa ya sosa ƙeya ya ce, "An ji, Kwatamasta."

Tun ranar da aka fita da babansa ban sake jin kalmar nan a gidan nan ba. Zulai ta ce wane irin suna ne wannan kuma. Na ce ta zo ta zauna in gaya mata, tunda ruwan bai zo ba tukuna, kuma irin yana nan a ɗaure.

Allah ya jiƙan Saje, ya sanyaya masa makwanci, ya ba mu ruwan da zai kai wuyan hannu.